Neman Farkon Shirun Safiyyatu

Litinin, 12 ga Muharram, 1341

Alƙali ya aiko a kira ni da hantsi. Na tafi ina ta binciken laifuffukana a hanya, ban samu wanda ya isa a aiko manzo ba. Ashe aiki ne.

Yari, ɗan kasuwar nan da ke zaune Ƙonni, ya kai ƙarar matar wansa. Halliru ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar Safiyyatu da ɗiya guda, Ramatu, wadda ke karatun allo a zaurena. Yari ya ce uwar ba ta da cikakken hankali, a ba shi yarinyar ya riƙe. Ƙonni ga ta nan, in jaki bai yi gardama ba ka je ka dawo kafin azahar. Amma yanzu ƙasar Faransa ce. In yarinyar ta ƙetare, hukuncin alƙalinmu ba ya bin ta can, uwar kuma sai dai ta riƙa jin labarinta a bakin fatake.

Alƙali ya ce, “Malam Lukmanu, kai ad da littahin ɗibbu na mahaihinka. Duba mini matag ga. Hauka na, ciwo na, ko ko halinta na? Na ba ka har ƙarshen Safar.”

Na ce to, da murya irin ta wanda aka ɗora wa kaya. Gaskiya kuwa daɗi na ji. Shekara takwas muna maƙwabtaka da matar nan, ban taɓa jin dariyarta ta katanga ba, kuma kullum ina son in san dalili. Allah ya yafe mini son sani.

Talata, 13 ga Muharram

Na ciro littafin Baba daga gafaka. Gara ta cinye ganyen farko tun kafin a haife ni, don haka ba mu san wanda ya wallafa shi ba.

Ya ce ɗabi’u huɗu ne a jikin ɗan Adam, ɗaya daga ciki ita ce sauda, baƙar ɗabi’a, mai sanyi da bushewa. Masu ita iri biyu ne. Akwai wanda da ita aka kwaɓa shi: mai ƙarancin magana, mai dogon tunani, mai zaton sharri tun bai zo ba, mai ɗora wa kansa laifin komai. Wannan hali ne, ba a yi masa magani. Akwai kuma wanda saudarsa ta ƙone ta hau masa kai, ya bar abinci, ya bar mutane, ya kama tsoro ba dalili. Wannan ciwo ne, sunansa malikuliya. Alamar rabewa guda ce: ciwo yana da farko, hali ba shi da shi.

To, aiki ya yi sauƙi. In nemo farkon, shi ke nan.

Na karanta wa matata Hadijatu siffar mutumin farko tana tankaɗe. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, “Wa kaka nuhi?” Na ce Safiyyatu mana. Ta ce, “Au.” Ta ci gaba da aikinta. Matar nan tana da wani “au” da ban taɓa so ba.

Laraba, 14 ga Muharram

Mun je da Hadijatu. Ni a zaure, su biyu a bakin ƙofa ta ciki, mazari yana juyawa a hannun Safiyyatu har muka tashi.

Ta san rana, ta san wata, ta san shekarar da Nasara suka shigo Sakkwato, ta ma gyara mini. Na ja aya na tsaya da gangan, ta ƙarasa. Hauka dai babu, wannan na soke shi tun yau.

Na yaba zarenta, don masaƙan garin nan faɗa suke yi a kansa. Ta ce, “Ba shi da kyau, Malam. Kunya ta sa suka amsa.” Na tambaye ta ko tana jin ciwo wani wuri. Ta ce a’a. Me take ji? Ta ce, “Kamar na ɗauko tulu daga rijiya, ban iske inda zan aje shi ba.” Tun yaushe? “Ban san lokacin da ban ɗauke da shi ba.”

Da na ambaci Ramatu sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Yarinyag ga tana lahiya.” ’Yar fari ce, ba za ta kama sunanta ba. Wannan ko jaririn goye ya san shi.

Asabar, 17 ga Muharram

An dawo karatu. Ramatu ta zo da sabon kitso yana ƙyalli da man shanu, sai juya kai take yi don sauran ’yan mata su gani. Bakinta ba ya hutawa, duk maganar da uwar ta ƙi yi ita ta gada.

Na ce, “Ke, innarki tana dariya kuwa?” Ta ce, “A’a. Ni ka yi mata nata.” Ta koma kan allonta kamar ta faɗi farillan alwala.

Abin ya tsaya mini a rai. Ban san ko shaida ce ta uwar ko ta Yari ba.

Litinin, 19 ga Muharram

Abin nan na asuba ya zo, nauyin nan da ke sauko mini ba dalili. Ban duba littafi ba. Na sallami yara da wuri.

Lahadi, 25 ga Muharram

Kasuwa. Na sami Yari a rumfarsa tsakanin kanwa da gishiri. Na je da shirin ganin azzalumi, na tarar da mutum mai kama da Halliru har wurin tafin hannu. Ya shimfiɗa mini buzu, ya fasa goro.

Ya ce shi ƙanen miji ne, abokin wasa, amma shekara shida yana tsokanarta a gidan wansa ko murmushi bai taɓa samu ba. Ya ce bara da rani ya zo gaisuwa ya iske ta zaune a bakin rijiya, guga a ƙasa, tana duban ciki. Ya tafi kasuwa ya dawo, tana nan yadda ya bar ta.

“Malam, ɗiyar wana ta. In wata rana matag ga ta hwaɗa, yarinya na tsaye tana kallo, mi zan ce ma Halliru gobe ƙiyama?”

Na tambaye shi farkon abin. Ya ce mutuwar wansa ce ta ƙara shi, amma haka aka kawo ta. Ya kuma ce mutum uku sun nemi aurenta ta ƙi, wai wace mai hankali ce za ta zauna haka.

Wannan kam na fi shi sani. In ta auri bare, riƙon ɗiya ya fita hannunta a shari’a. Ko ta san da haka? Sai na bincika.

Alhamis, 29 ga Muharram

Na hau jaki zuwa Amarawa. Gero ya kai kan mutum, hanya duk laka, na faɗi sau ɗaya, ba wanda ya gani sai wata akuya. Na je wurin Inna Baraka, ƙanwar mahaifiyar Safiyyatu, ita ce ta goya ta.

Tsohuwar nan ta ba ni farko har uku, ban gama fura ba. Da fari ta ce tun shekarar yunwa, da suka binne ƙannenta biyu. Can ta ce a’a, tun mutuwar uwar, tana ’yar shekara biyar. Can kuma ta tuna cewa ko a goye ba ta ɓangala baki kamar sauran jarirai, har ana kiran ta tsohuwa.

Na ce, “Inna, ba ku taɓa nema mata magani ba?”

Ta yi mini kallon wawa. “Maganin mi? Ita muka nuna ma ɗiyanmu mu ce ku yi koyi. Ba ta gardama, ba ta yawo, ba a jin muryatta. Har Gidan Katta anka san kunyar Safiya.”

A hanyar dawowa nake ta juya wannan. Shekara ashirin da wani abu ana yabon yarinya da abin da ke cin ta. Ni ma na yaba, na tuna sarai. Na taɓa ce wa Hadijatu ta dubi haƙurin matar Halliru, ta ƙi yi mini magana kwana biyu.

Asabar, 1 ga Safar

Hadijatu ta ce tun Laraba Safiyyatu ba ta fito tsakar gida ba, mazari yana jingine, ita ke miƙa musu tuwo ta katanga. To wannan yana da farko, Laraba. Kenan ciwo ne ya hau kan hali? Littafin Baba bai ce ana haɗa biyun ba. Ko ya faɗa a ganyen da gara ta ci.

Ramatu ta zo karatu kamar kullum, kitso sabo. Ta ci gyara uku a Tabbat.

Talata, 4 ga Safar

Safiyyatu ta tashi. Ita da kanta ta aiko Hadijatu cewa tana son magana da ni.

Na fara da tambayata ta aure. Ta ce, “Na sani, Malam. Marigayi ya hwaɗa mini kahin shi cika.” Kenan ƙin auren nan shi ne mafi hankalin abin da aka yi a unguwar nan bana.

Na tambaye ta zancen rijiya, kai tsaye, don ban ga amfanin kewaye ba. Ta ce ba ta yi nufin komai ba. Ta ce ƙarfin jawo guga ne ya ƙare mata, na komawa gida ma babu. “Da tunanin ya zo sau guda, sai nit tuna wa za ya yi ma waccan kitso.” Na yarda da ita. Ban san ko yardata hujja ce ba.

Sannan ta kawo tata buƙatar. Hadijatu ta riga ta kwashe mata duk abin da ke littafi, ban san yaushe na ba ta izini ba. Ta ce:

“Malam, in ciwo na, ka ce ciwo na. Ciwo shina warkewa. In kac ce halina na, to haka zan mutu ke nan.”

Ga inda aka sa ni: in na ce hali, alƙali zai bar mata ɗiya, don ba a karɓe ɗa saboda uwa ba ta da fara’a, amma na rufe mata ƙofar sa rai. In na ce ciwo, na ba ta abin da ta roƙa, na kuma miƙa wa Yari sanda. Na ce mata ina kan bincike. Amsar malamai in sun rasa ta cewa.

Lahadi, 9 ga Safar

Farkon da na tara zuwa yau: goyo, mutuwar uwa, yunwa, ranar aure (in ji wata maƙwabciya), mutuwar miji, Larabar waccan. Shida. Wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa zama da tsofaffin Amarawa ba.

Laraba, 12 ga Safar

Likita Bature ya sauka a barikin bayan gari, ya zo yin lambar agana. Na kai yaran makaranta, rabinsu sun gudu cikin dawa. Dogo ne, ja kamar gauta, yana da tafinta mutumin Lakwaja wanda Hausarsa ta kasuwa ce.

Da aka gama na kasa riƙe bakina. Na tambaya ko a ƙasarsu akwai mutanen da baƙin ciki ba ya barin su ba tare da dalili ba. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya sa aka kawo mini kujera. Ya faɗi sunan ciwon da bakinsu, na ji kusan malikuliya ne, har na yi dariya. Ya ce a wurinsu ma kashi-kashi ne. Akwai mai zuwa da ƙarfi ya kwantar da mutum wata da watanni ya tafi, ya sake dawowa. Akwai kuma mutanen da tun tasowarsu haka suke, suna aikinsu, ba sa kwanciya, amma ba sa jin daɗin komai. Na ce su waɗannan na biyu, masu ciwo ne? Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce manyan malamansu suna ta jayayya: wasu sun ce ƙaramin ciwo ne wanda ba ya ƙarewa, wasu sun ce ginin mutum ne, wasu kuma sun ce shi ne ƙasar da babban ciwon ke tsirowa a kai.

Kai, na ji daɗin zaman nan! Ashe har masu jirgin ƙasa ba su gano farkon ba. Cikin jin daɗin ne na ba shi labarin Safiyyatu, har da shari’ar. Ya ce yana son ya gan ta gobe.

Hadijatu ta ce, “Wa ya aike ka?” Na ce ilimi ne. Ta ce, “Ilimi.” Wannan ya fi “au” ɗin ma ciwo.

Alhamis, 13 ga Safar

An yi a zaurena. Safiyyatu a lulluɓe, Hadijatu kusa da ita, Ramatu a bakin ƙofa tana leƙen takalman Bature.

Ya yi tambayoyinsa da ladabi, ba zan ci zalinsa ba. Barci, abinci, kuka, ko tana jin muryoyi. Ta amsa duka, gajere-gajere. Sai ya nuna Ramatu ya ce mene ne sunan ’yarta. Ta yi shiru. Tafinta ya maimaita da ƙarfi, kamar kurma yake yi wa. Ta juya fuska bango. Ya ce ta kira ta ta zauna a cinyarta. Ta ƙara jan mayafi. Hadijatu ta rufe baki tana dariya, ni ma na murmusa, don wa zai ce wa mace ta rungumi ’yar fari gaban maza, har da baƙo? Ya dube mu, ya dubi uwar, ya yi rubutu mai tsawo.

Da zai tafi ya ce a ganinsa tana da na biyun, na farkon kuma yana ziyartar ta. Daidai da abin da na zata ranar ɗaya ga wata. Na kwana ina jin kaina.

Juma’a, 14 ga Safar

Ba abin rubutawa. Na je masallaci na dawo. Jiki lafiya.

Alhamis, 20 ga Safar

Inna lillahi. Takarda ta zo wa Alƙali daga wurin Joji, Baturen da ke mulkin yankinmu, an juya ta da ajami. Likita ya ba da labarin matar da ya gani a nan Illela. Ya ce ba mahaukaciya ba ce, amma ciwon ya kashe mata son ɗiyarta: ba ta duban ta, ba ta taɓa ta, ko sunanta ta kasa faɗa. Ya ba da shawara a duba ko akwai dangin da za su riƙe yarinyar.

Abin da ya rubuta ke nan lokacin da muke dariya. Mu huɗu manya a zauren, ba wanda ya ce masa kunyar ɗan fari ce. Tafinta bai sani ba, mu kuma ba mu ga abin faɗa ba, kamar a ce ka bayyana wa mutum cewa ana cin tuwo da dama. Likita ya riga ya wuce yamma, ba a san ranar dawowarsa ba.

Alƙali ya ce, “Ni na san kunya, Malam, uwata har ta rasu ba ta kama sunana ba. Amma Joji shina karanta littahin shari’ata, ga kuma takardar likita. In nib bar ɗiya ga uwa, mi zan rubuta? Kawo mini abin da ido ka gani.” Zama ranar Laraba.

Ni na jawo wannan. Ba Yari ba, ba Bature ba. Ina son in ji abin da malaman wata ƙasa suka ce, na ɗauki matar mutane na kai kamar wani ganyen magani da na tsinto.

Asabar, 22 ga Safar

Kwana biyu ina juya littafin Baba, ba komai. Yau da safe yara suna shigowa, Hadijatu ta tsaya a bayana da tsintsiya, ta ce, “Kai mai duba, dubi kan yarinyag ga.”

Na duba. Kitso ne, sabo.

Ta ce, “Kitson ɗiya duk kwana bakwai, ka san ko awa nawa aka yi zaune? Kanta bisa cinyar wa? Ka taɓa ganin ta da tsohon kitso?”

Na sallami yara na ɗauko wannan kundin na koma baya. Sha bakwai ga Muharram, na rubuta. Ɗaya ga Safar, na rubuta, a makon da uwar ta kwana uku ba ta fito ba. Da hannuna na rubuta, ina can ina neman farko. Na tambayi Ramatu wa ke yi mata. Ta ce innarta, kowace Juma’a in an tafi masallaci, ta tura ƙyaure. Ranar da ba ta iya tashi fa? “Sai in kwanta kusa da ita ta yi daga kwance. Shi ya sa wani lokaci shika karkacewa.”

Na shiga ɗaki na ɗan jima. Hadijatu ba ta ce “au” ba, Allah ya saka mata.

Laraba, 26 ga Safar

Zan rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Zauren Alƙali ya cika. Yari da mutanensa biyu daga Ƙonni, Inna Baraka ta zo daga Amarawa, Safiyyatu a gefe cikin mata, Ramatu a jikin Hadijatu. An karanta takardar likita. Sannan Alƙali ya ce in faɗi abin da na gano: hauka, ciwo, ko hali.

Na ce, Allah gafarta Malam, hauka babu, likita ma ya faɗa. Tsakanin ciwo da hali kuwa, na nemi farkon abin kwana arba’in da huɗu, na samu shida, ban san na gaskiya ba. Malaman Nasara ma ba su gama rabe su ba. Amma shari’a ba ta tambayi sunan abin ba, ta tambayi ko uwa tana da hankali, tana kuma kula da ɗiya. Na roƙi a dubi kan yarinyar. Alƙali ya sa tsofaffin mata biyu suka duba, suka ce kitson bai wuce kwana biyar ba, ba ƙwarƙwata, ba amosani, kuma hannu ɗaya ne ya saba da kan nan. Na karanta ranakun da na rubuta. Na faɗi zancen yi daga kwance. Na kuma ce ni na kai ta gaban likita, ni na yi shiru lokacin da ya kamata in yi bayani.

Yari ya tashi, idonsa ja. Ba ƙeta ba ce, na ga tsoro ne. Ya ce kitso ko maƙwabciya tana yi. Ya ce, “Takarda ta ce ba ta iya hwaɗin sunanta. To ta hwaɗa mu ji.”

Zaure ya ɗauki salati. Inna Baraka ta ce, “Kai Yari, ba ka da kunya?” Alƙali ya ɗaga hannu zai tsawata masa, don ba a taɓa neman wannan wurin mace a bainar jama’a ba.

Sai muka ji daga cikin mayafi, ba da ƙarfi ba:

“Ramatu.”

Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi Hadijatu. Ta dubi Inna Baraka. Ta waiga ƙofa tana neman mai kiran. Shekara bakwai ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba.

“Ramatu. Taho nan.”

Ta tafi a hankali kamar mai taka ƙaya. Uwar ta buɗe mayafi ta sa ta ciki, gaban Alƙali, gaban mutanen Ƙonni, gaban kowa.

Yari ya zauna ya rufe fuska da hannun riga.

Hukunci: ɗiya tana wurin uwa. Inna Baraka za ta dawo gidan da zama, saboda ranakun kwanciya da kuma rijiya. Yari yana da ikon ganin yarinyar duk ranar kasuwa. Alƙali ya rubuta wa Joji bayanin kunyar ɗan fari da hannunsa, ya ƙara da cewa an kira suna a gabansa. A waje Yari ya riƙe hannuna ya ce in sa ido. Na ce zan sa, wannan karon inda ya dace.

Alhamis, 27 ga Safar

Na je gaishe su. Inna Baraka tana ta mita wai an zubar musu da mutunci, a Amarawa za a yi shekara ana zancen. Tana mitar tana dama wa Ramatu fura.

Safiyyatu ta ce daga bayan ƙofa, “Malam, ka ba alƙali amsa tai. Tawa fa?”

Na ce ban sani ba, kuma wannan karon ba amsar malamai ba ce, iyakar gaskiyata ke nan. Amma mu ɗauke shi ciwo mu yi masa magani. In ciwo ne, to. In hali ne, tsamiya da zuma ba su taɓa ɓata halin kowa ba. Littafi ya ce jiƙon tsamiya da zuma da ɗan kanumfari kowace safiya, da fita a taka ƙasa bayan asuba, da zama cikin mutane ko ba a so. Hadijatu za ta riƙa jiƙawa a gidanmu ta miƙa.

Ta ce, “Tulun za ya sauka?” Na ce ban yi alkawari ba, wataƙila dai a rage ruwan. Ta yi wani sauti ta hanci. Hadijatu ta rantse dariya ce. Ni ban tabbatar ba, ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba.

Asabar, 7 ga Rabi’ul Awwal

An fara yankan gero. Ramatu ta zo da kitso, miƙe sarai, ba karkata. Ta ce innarta ta koma ce mata “ke”, amma jiya da aka tura ƙyaure ta faɗi sunan sau biyu, a kunne.

Abin nan na asuba ya zo yau ma. Na dai fita na taka har bakin gonakin Darna, don in ga ko hanyar ta dace da mai jinya.

Da na dawo na tarar Hadijatu tana tace jiƙon. Na tambaye ta, cikin wasa, ko ta san lokacin da nawa shirun na safe ya fara. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Haka nis same ka, Malam. Surutun nan na bisa-bisa na, shirun shina ƙasa.”

Na ce ta ƙara ruwa a tukunyar daga gobe. Mai ba da magani ya kamata ya san ɗanɗanonsa, ba wani abu ba.

Ta ce ai tun ranar Lahadi take jiƙa na mutum biyu.